Kofi Mai Launin Zuma

Zuwa ga Sarkin Ƙarya,

Gaisuwa daidai wadda ta dace da taubashin da ya shekara bai tambayi ko ina raye ba. Ina fata kana lafiya, da Maman Lele da ita Lelen. An ce min ta fara magana, Allah ya sa ba bakinka ta ɗauko ba. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar Inna da ke tashi in an yi sanyi. Ta ce in tuna maka kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka nisan gari ba hujja ba ne.

To, ba don Allah na rubuto ba, buƙata ce ta kawo ni. Bana an ba ni 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare in koya musu ginin yumɓu. Ɗakin da aka ba mu tsohon sito ne a bayan makaranta: dogayen tebura biyu, famfo mai ɗiga, da taga da sai an doke ta take buɗewa. A kusurwa akwai tanderun lantarki da wani malami ya bari tun kafin in zo, girmansa bai wuce ƙaramin firij ba. Na share shi, na kira mai gyaran wuta ya tashe shi. Yana aiki, amma tsoho ne, zafinsa ba ya kaiwa can.

Yaran nan sun ba ni mamaki. Kofuna muka gina, kowa biyu. Na koya musu a shanya a inuwa sai ya bushe ƙarau, don ɗanyen yumɓu in ya ji wuta fashewa yake. Wani mai gaggawa ya cusa nasa ɗanye a tanderu ban gani ba, muna zaune sai muka ji tau! Yanzu duk ajin ba wanda ya kai shi wa'azi a kan shanya.

Mun yi gashin farko, kofuna sun fito jajaye, suna ƙara in an ƙwanƙwasa. Amma ka zuba ruwa, kafin ka juya ya tsattsafo ya jiƙa tebur. Wata yarinya da muke kira Shiru-shiru, wadda ba a jin muryarta sai da dalili, ta riƙe nata ta ce, "Malama, yaushe zai zama irin na kanti?"

Kai ne ka daɗe a masana'antar tayil, kuma an ce a sashen garin ƙyalli kake, wannan da ake kwaɓawa a shafa, in an gasa ya koma sulɓi kamar tangaran. Ka taimaka mana da ragowar da za ku zubar, mai narkewa ba sai da wuta mai yawa ba. In ka yi, na yafe maka rabin abin da ka yi min muna yara.

Taubashiyarka,
wadda har yau kake kira Mai Cin Ƙasa

*

Zuwa ga Mai Cin Ƙasa,

Na ga takardarki, na kuma gode wa Allah da ya sa kin koyi rubutu. A gaishe da Inna, a ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ni lafiya, sai kewar gida. Kin san a ɗakunan ma'aikata nake kwana, iyali suna can nesa, sai an daɗe nake leƙa su. Zuwan da na yi na ƙarshe Lele ta kira ni da "mutumin nan." Daga baya ta huce, ta ba ni labarin kaza har na yi barci. Bakin nawa ne, ki yi haƙuri.

Wai yau ke ce malamar yumɓu! Yarinyar da ake tsarewa kar ta gatsi bangon ɗaki ita aka ba sito guda. Ina fata ana ƙirga yumɓun kafin ki shiga da bayan kin fita.

Ga buhu nan na ba direbanmu, zai ajiye miki a bakin makaranta. Ragowar wani tsohon gari ne da muka daina aiki da shi, yana narkewa da wuri, ko tsohon tanderunki zai iya da shi. Ki kwaɓa da kanki, ki ɗaura ƙyalle a hanci, ki fara zuba ruwa kafin gari don kar ya yi ƙura. Kaurinsa kamar madara mai kauri. Ki tace. A tsoma abu sau ɗaya a ciro, ban da maimaitawa. Gindin kuma a goge shi tas da soso, in ba haka ba ya manne da allon tanderu sai da guduma. In kin kashe wuta kar ki buɗe sai kin iya ɗora tafin hannu a ƙofar. Na san ki da rashin haƙuri.

Sai dai ki ji nan. Wannan na bango ne. Ku yi tayil, ku yi tukunyar fure, ku yi abin ratayewa. Kofunan naku a zuba musu biro da fensir. Ba a ci a ciki, ba a sha a ciki. Duk wanda ya sha shayi a ciki kunnuwansa za su miƙe, ya wayi gari yana kukan jaki, ke kuwa da ma saura ƙiris.

Rabin da kika yafe na karɓa. Ɗaya rabin ki riƙe, ina da sauran aiki.

Naki,
Sarkin Gaskiya

*

Zuwa ga Sarkin Ƙarya,

Sarkin Gaskiya a gidan wa? Ina gaishe ka duk da haka, gaisuwar wadda ta ci arziki. Inna ta ji daɗin saƙonka, ƙafa ta yi sauƙi.

Kai, taubashi, da ka ga ajin nan! Na yi yadda ka ce, ni kaɗai na kwaɓa bayan an tashi, da ƙyalle a hanci kamar 'yar fashi. Washegari na jera su layi, kowa da kofunansa. Garin in ya jiƙe toka-toka ne, mummuna, sai suka fara ƙunƙuni. Wani dogo ya ce, "Malama, kin ɓata mana kaya, gara jan." Na ce ka bari wuta ta yi magana. Na nuna musu riƙo da yatsa biyu, a zuba a ciki a juya a zubar, sannan a tsoma waje. Goge gindi kuwa sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, don yaro in ya ga abu na tafiya daidai sai ya ƙara.

Mun jera a tanderu ba mai taɓa wani. Na kunna da safe, na riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan har yamma. Washegari tun kafin a buga ƙararrawa suna bakin ƙofa, kowa na son ɗora hannu ya ji ko ta huce. Ban buɗe ba sai bayan tara, ka shaida na yi haƙuri.

Gani ya kori ji. Launin zuma sak, yana sheƙi, inda ya taru a gindin kofi har ya yi duhu-duhu. Ajin ya kaure da ihu har shugaban makaranta ya leƙo. Dogon nan ya sumbaci nasa. Shiru-shiru ta zuba ruwa ta ɗora a tebur ta tsaya tana kallo, da ta ga bai tsattsafo ba ta ɗago ta yi min murmushi. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Na ce kowa ya riƙe ɗaya, ɗayan ya kai wa wanda ya fi so a gida. Wasu kakanni suka kai wa, yawanci dai ƙanne.

Zancen kunnen jaki kuma, ka daɗe ba ka yi ba. Kai ne ka ce min in na haɗiye ƙwallon dabino itace zai fito min ta kunne, na kwana ina taɓa kunne ina kuka. Kai ne ka ce akwai tsohuwa a rijiyar gidan Kaka mai kiran sunan yara, na shekara ban je ɗiban ruwa ba. Yanzu ka ga yara sun yi abin kirki kana so a zuba fensir. To na girma. Kullum da safe a kofin da na gina wa kaina nake shan shayi, kunnuwa suna nan yadda Allah ya yi su.

Kuma don ka san ban da rowa: Shiru-shiru ta gina wani ɗan ƙarami mai hannu biyu, ya fi duka kyau. Da na ba su labarin wanda ya aiko mana garin, na ce yana da 'yar ƙarama, sai ta kawo min ta ce a kai mata. Na naɗe shi a tsumma na ba matar maƙwabcinmu da za ta garinku, ta kai wa Lele har gida. Ban aiko maka wurin aiki ba, na san fensir za ka zuba.

Taubashiyarka mai gajerun kunnuwa

*

'Yar'uwata,

Sallama. Ki karanta wannan a zaune, ki karanta sau biyu. Wallahi tallahi babu wasa a cikinta ko kalma ɗaya.

An tura ni wani reshen masana'antar, takardarki ta yi ta zama a ɗakin masu gadi, sai ɗazu na dawo aka miƙo min. Na duba hatimin gidan waya, an kusa wata.

Garin nan akwai dalma a ciki. Ita ce ke sa shi narkewa da wuri, ita ce ke ba shi launin da kika yaba, kuma saboda ita muka daina aiki da shi. A bango ba ta cutar kowa. A kofi, duk abin da aka zuba mai zafi ko mai tsami yana jawo ta, a sha tare. Tanderunki kuma ba shi da ƙarfi, bai ɗaure ta sosai ba. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Ba ta kayar da mutum rana ɗaya, taruwa take a jini.

Na ga abin da ta yi wa wani dattijo a sashenmu. Dasashinsa ya yi baƙin layi, hannunsa ya saki daga wuyan hannu, cokali ma ba ya iya riƙewa. Wannan babba ke nan. Ƙaramin yaro kai take nufa. Sai a ga yaro ya yi sanyi, ciki na ciwo, ba ya cin abinci, abin da ya iya ya fara manta shi.

In kina shakka, ki matse lemun tsami a kofinki ki bar shi ya kwana, ki duba cikin da safe. Amma kar ki jira safiya. Ki daina sha yau. Ki gaya wa shugabanku yau. A karɓo kofunan nan duka, gida-gida, kar a bar ko ɗaya. Duk wanda ya sha a ciki a kai shi asibiti a ce a auna dalma a jini, a fara da ƙananan. Ke ma ki je.

Ni da asuba zan kama hanyar gida, su ba ni izini ko su sallame ni. Tafiyar mai nisa ce, ban san abin da zan tarar ba. Lele in ta so abu ba ta sakinsa.

Ki yi sauri don Allah.

Ɗan'uwanki

*

Zuwa ga Anti Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Ki yafe min jinkirin godiya, hidimar gida ce ta yi yawa, Baban Lele kuma bai leƙo ba tun kafin saƙonki ya iso, ko takarda ban samu ba. An ce an tura su wani wuri.

Kofi ya iso lafiya ko tsagewa bai yi ba. Anti, kin haɗa ni da aiki! Lele ta ce nata ne ita kaɗai, ta sa masa suna Zuma. Ba ta shan komai sai a ciki. Da shi take kwana, in na ɗauke don in wanke sai ta bi ni har bakin famfo tana tsaye. Maƙwabta sun yi ta tambayar inda aka saya, na ce ɗaliban yayarmu ne suka yi da hannunsu, ba su yarda ba.

Ya ma taimake ni. Kwanaki mura ta kama ta, ba ta yarda da magani, sai na riƙa haɗa mata ruwan zafi da lemun tsami da zuma a cikin kofin, safe da yamma, tana shanyewa tas. Murar ta tafi. Sai dai tun daga nan jikin bai koma daidai ba. Abinci sai an yi da gaske, tana yawan riƙe ciki, ga rigima ba dalili. Bakin nan da ba ya hutawa ya yi sanyi, jiya na ce ta yi min waƙar da babanta ya koya mata sai ta tsaya tana kallona. Maƙwabciyata ta ce haƙori ne ko tsutsar ciki, na ba ta maganin tsutsa. In bai yi ba zan kai ta a duba, bari dai babanta ya zo.

Ki gode wa yarinyar da ta gina shi, Allah ya yi mata albarka. In akwai wani ki aiko min, ni ma ina so.

Ƙanwarki,
Maman Lele

*

Ɗan'uwana,

Na aiko wannan takarda gidanka don na san yanzu kana can. Ban san yadda zan gaishe ka ba. Yaya Lele?

Takardarka ta same ni a ɗakin malamai da kofin a gabana, shayi bai huce ba. Da na ga ba ka kira ni Mai Cin Ƙasa ba na san ba lafiya ba tun ban karanta ba. Na nufi ofishin shugaba da takardar a hannu. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Yara nawa?" Na faɗa. Ya ce, "Da na gida?" Sai na zauna a ƙasa.

Na yi gwajin lemun tsamin duk da haka, ina roƙon Allah ya sa wannan ma ƙaryarka ce. Da safe cikin kofin ya dushe, ya yi fari-fari daidai inda ruwan ya tsaya. Na shafa da yatsa, sulɓin ya tafi. Abin da ya bar jikin kofi cikin mutane ya shiga.

Na tsaya gaban ajin na gaya musu. Ban taɓa jin tsoron yara ba sai ranar. Dogon nan ya ce, "Malama, mun goge gindin fa, mun yi duk yadda kika ce." Na ce aikinku ba shi da laifi, ni ce aka gaya wa ban ji ba. Wata ta fashe da kuka, ta ce ƙaninta da ake yayewa a ciki ake ba shi madara.

Mun bi gidaje ni da shugaba da wata ma'aikaciyar asibiti, da kwali a bayan mota. Wata uwa ta jefo min kofin ta kan ƙofa ya tarwatse a ƙafata, na durƙusa na tsince. Ba na ganin laifinta. Wani uba ya ɗauki 'yarsa ya saɓa a kafaɗa ya wuce mu ya nufi asibiti ko takalmi bai sa ba. Wata tsohuwa kuma ta ɓoye nata a ƙarƙashin filo, ta ce tunda aka haifi jikan nan bai taɓa ba ta komai ba sai wannan, ba mai raba ta da shi. Sai da yaron ya durƙusa ya ce zai gina mata wani. Yanzu duk kofunan suna cikin kwali a kulle, da ragowar buhun, ma'aikatan lafiya za su ɗauke. An ɗebi jinin kowa har ni. Waɗanda sakamakonsu ya fito, an samu kaɗan a wasu, likita ya ce a sa ido a sake aunawa. Yawancinsu ashe ajiye kofin suka yi don ado, suna tsoron kar ya fashe.

Saura ɗaya, kuma ka san inda yake.

Na je gidan waya na buga masana'antarku ko sun san wata lamba kusa da gidanka, mai gadi ya ce ka tafi, ya ajiye. Ina dawowa na tarar da takardar Maman Lele, ta rubuta ta tun kafin ka taso. Godiya take yi min. Ruwan zafi da lemun tsami, safe da yamma. Ta ce Lele ta manta waƙarka. Na karanta a tsaye a tsakar gida, Inna ta ce ihun da na yi ta ɗauka mutuwa aka yi. Ba na iya cin abinci. In na rufe ido hannuwan nan biyu na kofin nake gani, da ni na ce wa yarinyar ta ƙara musu kauri don ƙaramin hannu ya riƙe da kyau.

Shiru-shiru ta tsaya bayan an tashi jiya. Ta daɗe tana murza gefen tebur, sannan ta ce, "Malama, 'yar da na ba, ta mutu?" Na ce a'a. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce zan tambayo. To ina tambaya.

Ka gaya min a fili, ka ce ba a ci ba a sha. Na tsallake wannan na kama kunnen jaki. Ba ni da bakin ba Maman Lele haƙuri, in ta ce kar in sake taka gidanta ta yi daidai.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. In na buɗe na ga ka tsokane ni, zan san Lele ta tashi.

'Yar'uwarka

*

'Yar'uwata,

Sallama. Lele tana raye. Na sa wannan a farko don ki iya karanta saura.

Daga asibiti nake rubutu, a kan benci a bakin ɗakin yara. Na iso gida washegari da hantsi na same ta zaune a bakin ƙofa da kofin a cinya. Ta rame, ta yi fari. Ta kalle ni ba ta taso ba, ko "mutumin nan" ba ta ce ba. Na fizge kofin, abin da ban taɓa yi mata ba, ta yi kukan da har yanzu yana kunnena. Uwarta ta fito tana tambayar ko na haukace. A hanyar asibiti na yi mata bayani, da na zo kan lemun tsami sai ta toshe bakinta da mayafi.

An auna, an samu da yawa. Suka kwantar da ita, suna ba ta maganin da ke wanko dalmar daga jini. Ciwon cikin ya lafa, ta fara karɓar abinci. Shekaranjiya ta nemi ruwa da bakinta, aka kawo a kofin roba ta ture, ta ce Zuma take so. Jiya dai ta sha a na robar.

Ki gaya wa yarinyar nan Lele ba ta mutu ba. Ki ce mata kofinta ya fi duk wanda na taɓa gani a hannun yaro kyau, hannuwan sun zauna daidai, ta ci gaba da gini. In na koma zan nemo muku garin da aka yi don kwanon abinci, da takardarsa, in kawo da kaina. Kar ki rufe ajin.

Maman Lele ta ga takardarki. Ba ta ce kar ki zo ba, ba ta kuma ce ki zo ba. Ki ba ta lokaci. Ni ma ba ta cika kallona ba. Ta tambaye ni abu ɗaya: tunda na san akwai dalma, me ya hana in rubuta dalma? Na ce na saba in na yi miki magana sai na sa mata wutsiya. Ta ce to ga wutsiyar nan a kwance. Don haka ki daina cewa ke kaɗai ce. Kalma ɗaya ce, na san ta, na ajiye ta na ɗauki jaki.

Na tambayi likita ko za ta koma yadda take. Ya ce jini zai wanku, amma abin da ya riga ya taɓa kai ba ya nunawa yanzu. Wasu yaran ba a ganin komai. Wasu sai sun shiga makaranta, a ga karatu na shiga yana zubewa. Na ce yaushe za mu sani? Ya ce sai ta kai. Ɗazu na yi mata waƙar nan a hankali, ta bi ni rabi, ta tsaya. Ban sani ba ko mantawa ta yi ko gajiya ce. Haka zan yi ta kallonta ke nan, in ta yi shiru gabana ya faɗi.

Ke malama ce, kin san yaron da ke ganewa da wanda ke fama. In ta isa shiga aji zan kawo miki ita hutu guda, ki zaunar da ita ki koya mata, sannan ki gaya min abin da kika gani, a fili, ba sassauci.

Kin ce in tsokane ki. Na daɗe riƙe da biro ina nema, wallahi ban samu ba. Ki jira ni zuwa ranar da zan kawo miki ita.

A gaishe da Inna.

Ɗan'uwanki,
Baban Lele